Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Hular Babanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka ka sauka Minna lafiya. Allah ya raba ka da sharrin hanya, da na ƙarfe, da na mutum. Na cusa ta ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli ne don na san nan hannunka zai fara zuwa kafin ko'ina.

Kai ɗan fari ne, ko sunanka na yanka bakina bai saba da shi ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni dai ga shi na yi. Maganar salla da karatu da gudun abokan banza, baffanka ya yi maka ita jiya har muryarsa ta dushe, ba sai na ƙara ba. Ni tawa maganar a kan wasan tabarma ce, da kuma ƙanwarka Rukayya. Na san za ka ce Umma ta rasa abin rubutawa. Ka dai yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe.

Kana ƙarami sosai lokacin da wasan ya shigo gidan nan, bari in tuna maka. Babanka yana koyarwa a Rijau, ya shaƙu da wani malami mutumin Dukku, Malam Yohanna. Shi ya ba shi wani tulin takardu na Turanci da aka kwafo a inji, ya ce wasa ne na labari. Mutum ɗaya yana riƙe da labarin, ya faɗi inda ake da abin da ya taso, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya ce ga abin da zai yi, sai a jefa 'ya'yan ludo biyu, masu lambobin nan, a ga ko ya dace. Ranar da ya kawo shi na ce, "Malam, da girmanka?" Ya ce, "Ai don girman nawa ne zan riƙe labarin." Baffanka ma ya zo ya ce wannan ai ƙanwar caca ce, babanka ya zaunar da shi ya kalla, ya tashi yana cewa shi dai bai ga an ci kowa ba.

Daga nan kowace Asabar bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Kai ne maharbi. Rukayya ta ce ita yarinya ce mai jin maganar shanu, don a lokacin ba abin da ke burge ta kamar garken Fulanin Bobi in sun ratsa bayan gari. Ishaya ɗan maƙwabtanmu shi ne maƙeri. Sauran mutanen labarin kuwa duk a bakin babanka suke, amma wanda kuka fi so shi ne Tsoho mai kwalekwale, wanda yake masa Hausar Nufawa, yana karya harshe har ku faɗi don dariya. Tsoho ba ya karɓar kuɗin jirgi. Duk wanda zai haye kogi sai ya gaya masa abin da ya fi jin tsoro, sannan ya ɗauke shi.

Ni kuma wurina a bayan babanka yake, a kan turmi kife, da tiren shinkafa ina tsinta. Kuskurena na farko ke nan. Ba sau ɗaya ba ya juyo ya ce, "Maman Abba, ajiye tiren nan ki yi mana muryar mai tuwon kasuwa kawai, magana biyu ce." Sai in ce, "A'a, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Na ɗauka sai wanda ya haddace takardun nan ne ya isa ya buɗe baki a tabarma, ni kuwa Turancina na sakandare ya daɗe da tsatsa. Kunya ma tana ciki, ba zan ɓoye ba. Haka na yi shekaru ina cin dariyarku daga nesa, alhali tabarmar ba ta cika ba. Yau da za a ce in ba da keken ɗinkina a mayar mini da Asabar ɗaya in yi masa mai tuwon nan, da na bayar ban waiwaya ba.

Saboda haka, Abba, inda ka je za ka ga masu tsayuwa a bayan tabarma suna leƙe, in ka ce bismilla su ce ba su iya ba. Kar ka yi saurin yarda. Kuma kar ka miƙa musu takarda. Ka ba su abu ƙarami, muryar mai gadi ko ta mai shayi, in sun yi ka yi dariya, ko da ba ta ba da dariya sosai ba. Babanka ya gaji da roƙona ya ƙyale ni, don mutum ne mai kawaici. Kai ka ɗan fi shi naci a wannan wurin.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ka san shi, don kana wurin. Bayan Allah ya karɓi babanka, na fita takaba, sai wata Asabar Rukayya ta jawo tabarma ta ce, "Umma, yau Asabar." Kai ma ka fito ka tsaya. Na ce ku ba ni mako guda. Na ɗauko takardun nan na yi ta fama da su, layuka da lambobi kamar na mai awon magani, har kaina ya yi ciwo, ban riƙe ko rubu'i ba. Ranar ta zo na zauna a wurin babanka. Ina fara magana ka ce, "Ba haka Baba yake farawa ba." Na ci gaba, ka ce, "Umma, sai an ƙara mini biyu saboda ina da baka." Na ƙara. Ka ce, "Ba a nan ake ƙarawa ba." Ba da rashin kunya ka yi ba, na sani, taimakona kake yi a ganinka. Amma kowace gyara sai in ji kamar an ce tashi, ba wurinki ba ne.

Sai labari ya kai ku bakin kogi, ka ɗaga murya ka ce, "Tsoho! Kawo jirgi!" Ku uku kuka zuba mini ido. Na buɗe baki in yi muryar, na kasa. Muryar mijina ce, ta yaya zan ara? Tsoro ya kama ni kar in fashe da kuka a gabanku, sai na ji bakina ya ce, "Kwalekwalen ya kife. Ruwa ya ci Tsoho." Ishaya ya sunkuyar da kai. Rukayya ba ta ma gane ba, tana jiran ci gaba. Kai kuwa ka dube ni, ka ce, "Ba ki jefa ba. Umma, ko jefawa ba ki yi ba." Ka tashi ka shige ɗaki. Wallahi har yau in na tuna fuskarka a ranar, abinci fita raina yake yi. Mutuwa ta ɗauke muku uba, ni kuma da bakina na ɗauke muku ɗan abin da ya saura na muryarsa.

Na daɗe ina juya abin a raina ina ɗinki. Da na sani, da cewa na yi Tsoho ya tafi ganin gida, yau 'yarsa ce a jirgin, in yi magana da muryata. Ba wanda ya ce sai na zama babanka. Ni na ɗora wa kaina, takardun nan kuma suka ƙara mini kaya. In wani sabo ya zauna zai riƙe labari a gabanka, ka gaya masa tun farko ba sai ya kwaikwayi kowa ba, kuma abin da yake bukata kaɗan ne: ya san inda ake, ya san matsalar da ta taso, ya iya cewa, "To, me za ku yi?" Sauran 'yan wasa ne za su kawo masa. In ya yi kuskure a tsakiya ka haɗiye gyararka. In an tashi, kuna naɗe tabarma, ka gaya masa abu ɗaya, ka fara da abin da ya yi daidai. Mutumin da aka gyara sau uku a gaban jama'a, abin da zai yi na huɗu ba zai yi kyau ba, ni shaida ce.

Na uku shi ne dalilin takardar nan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tuna yadda babanka yake jefa nasa 'ya'yan ludon, in kura ce ko ɓarawo zai kai muku hari? Ku a fili kuke jefawa, shi kuwa sai ya cire hularsa ya zuba su ciki, ya kaɗa, ya kife a tabarma, ya ɗaga gefen da ke wajensa ya leƙa, sannan ya faɗi abin da ya fito. Ku kuna gabansa. Ni ce a bayansa, kuma idona ƙalau yake a lokacin. Abba, sau da yawa abin da yake faɗa ba shi ne a ƙarƙashin hular ba.

Ranar da na fara lura, kura ce ta rutsa maƙerin Ishaya a cikin kwazazzabo. A makon nan mahaifiyar Ishaya tana kwance a asibiti, yaron ya zo ne kawai don gidansu ba kowa. Babanka ya ɗaga hula, na ga shida da shida, wato kura ta gama da shi. Ya dubi fuskar Ishaya, ya ce, "Kai, ka ci sa'a! Ƙafar kura ta zame." Da kuka watse na ce masa, "Malam, ai ƙarya ka yi wa yara." Ya yi dariya ya ce, "Ni mai masauki ne a tabarmar nan, ba a naɗa ni alƙali ba. Baƙo zai zo gidana da damuwarsa in bar kura ta cinye shi?" Na ce to takardun fa? Ya ce, "Maman Abba, rufa mini asiri. Shafukan farko na karanta na gaji. Rabin dokokin nan a kan babur nake ƙirƙiro su, tsakanin Rijau da nan." Wani lokacin ma akasin haka yake yi. In ya ga kun fara hamma, sai ya ce ɓarawo ya dace alhali bai dace ba, nan da nan ku wartsake. Ba kullum yake yi ba, yawanci yana barin abin da ya fito. Amma idonsa a kanku yake kafin ya leƙa hular.

Ba ƙarya nake koya maka ba. A ciniki da alkawari da shaida, babanka ko da wasa bai taɓa karkata ba, kai ma ka sani. Tabarmar nan kuwa wuri ne da kowa ya zo don a ɗauke shi a kai shi wani gari na ɗan lokaci, shi kuma ya san nauyin da ya ɗauka.

Bayan abin da ya faru a bakin kogi, kai ka karɓi labarin. Ka zauna ka haddace takardun nan kaf, abin da mai su bai taɓa yi ba, ka haɗa da duk abin da ka tuna daga bakinsa, ka ce wannan ita ce dokar Baba. Ka daina jefawa a hula, ka ce a fili za a jefa don kar a zalunci kowa. Na yi alfahari da kaifin kanka, ba zan musa ba. Amma ina kan turmina ina gani tabarma tana raguwa. Ranar da maƙerin Ishaya ya faɗa wani rami na banza ya mutu, maƙerin da ya yi shekaru yana riƙe da shi, ya ce, "Haba Abba, ba yadda za a yi?" Ka ce, "Doka ce, ba ni na sa ba." Ya zo Asabar biyu bayan nan yana kallo, daga nan sai gaisuwa a hanya. 'Yan ajinku da ka jawo ma haka, kafin ka gama bayanin yadda ake lissafi la'asar ta yi sanyi, mako mai zuwa su ce an aike su.

Sai kuma Rukayya. Bara ta ce, "Yaya, ka bar ni in riƙe labarin sau ɗaya mana." Ka ɗauko tulin takardun ka ajiye mata a cinya, ka ce in ta iya amsa tambayoyinka za ka ba ta. Ka yi mata tambayoyi kamar mai jarrabawa, ta faɗi a ta biyu, ta mayar maka ta shiga madafa. Ina ji, ina gani, kalma ɗaya ce a bakina da za ta warware komai, na yi shiru. Na ce a raina, na riga na nutsar masa da Tsoho, in kuma na ce dokokin da ya rungume ba na babansa ba ne, me na bar masa? Na zaci tausayi nake yi. Yanzu na gane tsoron fuskarka nake ji, irin wadda ka yi mini ranar nan. Shirun nawa ya ci maka aboki, ya kusa ci maka ƙanwa. Ka yafe mini.

Abin da ya buɗe mini baki ya faru watan jiya, ranar da ka je karɓo takardunka na makaranta. Na ji dariya a bayan madafa, na leƙa. Rukayya ce da 'yan matan gidan su Ishaya su uku a kan buhu. Ba takarda, ba ɗan ludo, don suna cikin akwatinka. Ƙwallon dabino take jefawa, in tsagin ya kalli sama an dace, in ya kife ba a dace ba, shi ke nan dokarta. Ƙaramarsu ma da ba ta shiga firamare ba ta gane. Ina tsaye sai na ji ta ce sun iso bakin kogi, ta shaƙe murya ta ce, "Wa ke kira na? Ni ruwa ya kai ni har wani tsibiri, kifi na yi ta ci, yanzu na sassaƙa sabon jirgi." Muryar ba ta yi kama da ta babanka ko kaɗan ba, kamar akuya mai mura take. Amma na kasa barin wurin.

Da ta gan ni ta yi tsuru-tsuru, ta ce, "Umma, don Allah kar ki gaya wa Yaya. Zai ce wanda ya mutu ba ya dawowa." Na ce, "Ai ba a jefa ba ranar, shi da kansa ya faɗa." Ta dube ni ta ce, "To zo ki yi mana mai tuwon kasuwa." Na ajiye tire na zauna a buhun nan na yi. Magana biyu ce, kamar yadda babanka ya ce.

Ga shi na saɓa mata na gaya maka. Ita ba ta jin tsoron faɗanka, so take ka ce ta iya. Tun da babu uba, kai take kallo. Jiya da kake haɗa kaya ta ga ka naɗe 'ya'yan ludon nan biyu a cikin hular babanka ka sa a jaka, sai ta je ta yi ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

To ka buɗe hular. Ɗaya za ka gani. Ɗayan na cire da kana masallaci, yana hannuna, gobe zan ba ta in ce kai ka bar mata. Kar ka mayar da ni maƙaryaciya. Hular taka ce, takardun ma na bar maka, amma in za ka ji tawa, ka tsamo daga ciki abin da za a iya faɗa wa mutum kafin shayinsa ya huce, sauran ka sa a ƙasan akwati. Ɗan ludo kuwa ba ya wuya a ɗakin kwanan ɗalibai. Ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ara. Wanda ya ara maka ka ce ya zo ya zauna, in an yi mako biyu ka tura masa hular ka ce yau shi zai riƙe labarin, kai kuma ka kama bakinka.

Ranar Asabar bayan la'asar ka kira wayata, zan ajiye ta a tsakiyar tabarma. Rukayya ce mai labari. Maharbinka yana nan tsaye a bakin kogi tun ranar da ka tashi ka shige ɗaki, don tun da ka karɓi labarin ba ka sake zama ɗan wasa ba. Ka kira Tsoho, zai zo. Ka san ba ya ɗaukar mutum sai ya biya, don haka ka shirya abin da za ka gaya masa. Ni ga nawa, na biya tun yanzu: ba hanya na fi tsoro ba, ko da yake ina tsoronta. Na fi tsoron wata rana a leƙa a same ka zaune kai kaɗai a kan tabarma, duk dokokin suna kanka, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ba kowa a gabanka.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka ilimi mai amfani da zuciya mai taushi. Allah ya jiƙan babanka, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa har da abin da ke ƙarƙashin hular. Rukayya ba ta san na rubuta ba, amma na san tana gaishe ka. In ka kira, kar ka gyara mata muryar Tsoho.

Wassalam.

Ummanka,
daga Kontagora.